Takalmin da Ya Ƙi Sakin Ƙafa

Da niyyar yin mako biyu Ikrima ya baro Legas, sai ga shi yana cikin wata na goma sha ɗaya a ƙauyensu da ke bayan Furana. Waya aka yi masa cewa mahaifinsa, Malam Maiwada, ya faɗi a gonar rake, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da ya iso ya tarar da tsoho a kwance, baki ya karkace, maganarsa sai an kasa kunne sosai. Mahaifiyarsu ta daɗe da rasuwa, shi kaɗai ne kuma ɗa namiji. Yayyensa mata biyu suna ɗakunansu, ɗaya a Makarfi ɗaya a Kudan, sukan zo su yini su koma. Amma ɗaga tsoho, da kai shi bayan gida, da yi masa wanka, da juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ba aikin 'ya mace ba ne, balle suruka. Matarsa Rahmatu takan dama kunu, ta wanke zannuwa. Sauran duk a wuyansa yake. Ko kasuwar Ikara ya je sai ya riƙa duba agogon waya, don ya san abin da zai tarar in ya wuce awa uku.

Shekara bakwai ya yi yana aiki a wani wurin shaƙatawa na masu hali a bakin ruwan Legas, inda ake wasan zamiya a kan ruwa. Mutum zai sa ƙafa a kan allo, ya riƙe igiya, jirgi mai inji ya ja shi da gudu. Aikin Ikrima shi ne haɗa wa mutane kaya. Kallo ɗaya zai yi maka ya san nauyinka, ya zaro allon da zai ɗauke ka. Sabon shiga da allo biyu yake farawa. In ya tsaya da ƙafafunsa, sai a koma da shi kan allo ɗaya, mai faɗi mai tsawo, da takalmin roba mai laushi, a ba shi doguwar igiya, a ce wa mai jirgi ya tafi a hankali. Kuma kafin ya bar kowa ya shiga ruwa sai ya sa shi ya fizgi dunduniyarsa. In ba ta fito daga takalmin da fizga ɗaya ba, to ba inda za shi sai an sassauta.

Shi kansa ya iya da allo biyu, don ranar Litinin da ba baƙi ma'aikata kan ɗana. Amma na allo ɗaya, wanda ake sa ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ana kwanciya hagu da dama ana zagaye ƙwallayen da aka jera a ruwa, bai taɓa samun wanda zai ɓata masa man jirgi ya koya ba. Wani Bature da zai koma ƙasarsu ne ya bar masa allonsa na gasa, siriri, baƙi da ratsin ja, ba shi da nauyi ko kaɗan. Da shi ya taho gida cikin doguwar jakarsa, ya soke a saman azara. Rahmatu ta ɗauka bindiga ce, sai da ya buɗe mata.

A ƙarshen damina, ranar wata Laraba yana tsaka da aske wa Baba gemu, saƙon murya ya shigo daga manajan wurin. Mai koyar da baƙi ya bar aiki, ana neman wanda ya san kayan. In Ikrima zai iya turo hoton bidiyo yana tafiya a kan allo ɗaya kafin mako uku, za a saka sunansa.

Sau biyar ya saurari saƙon a bayan rumbu. Rahmatu ta same shi a nan, tana riƙe da kwanon tsaki.

"Baban Hafiza, lafiya kake ta manna waya a kunne?"

Ya ba ta labari. Ta watsa wa kaji tsakin, ta karkaɗe hannu, sannan ta ce, "To in sun ɗauke ka, Baba fa?"

"Ban ce zan tafi ba."

"To hoton na mene ne?"

Shi ma bai sani ba. Abin da ya sani kawai, in bai tura ba, ranar da mako ukun ya cika zai ji kamar an ja ƙyaure an rufe da shi a ciki.

Akwai wata tsohuwar madatsar ruwa a arewa da garin, ta cika maƙil da ruwan damina. A kan gaɓar da aka tare ruwan akwai hanyar jar ƙasa miƙaƙƙiya, ta kai tafiyar minti goma a ƙafa. Jirgi mai inji kuwa babu shi a duk yankin. Don haka ya je wurin Lado, abokinsa tun na ƙuruciya, mai akori-kurar da ke kai rake da tattasai kasuwa.

Lado ya saurara har ƙarshe, yana goge hannu da tsumma. "Tsaya in gane. Ni ina sama a mota, kai kana cikin ruwa, in ja ka da igiya kamar wanda zai kai sa mahauta?"

"Haka nan. Ka fara a hankali, in na yi tsawa ka taka, ka tsaya a kan arba'in."

"Allurar gudun motata ta shekara uku ba ta motsa ba."

"To ka saurari inji. Giya ta biyu, kada ka canja."

"Ikrima, ka san ko a kududdufi ban iya ruwa ba ko?"

"Ba kai za ka shiga ba."

Igiya ce ta fara ba shi aiki. A kasuwar Makarfi ya juya ta nailan mai sheƙi, ya ja ta tsakanin hannuwansa ya ji tana miƙewa, ya ajiye. Igiyar da ke miƙewa in ta tsinke ko ta kuɓuce dawowa take yi ta zabge fuska. Ya ɗauki irin wadda ake ɗaure lodi da ita, ya ƙara tsawo a kan wanda ya saba, tun da motar a gefe za ta kasance ba a gabansa ba. Mariƙi kuwa ƙotar fartanya ya yanke, ya naɗe ta da robar tayar keke. Rigar da ke hana nutsewa yana da tsohuwa ta wurin aiki, ta koɗe amma tana ɗaukar mutum.

Saura allo. Ya sauko da na Bature ya shimfiɗa a tsakar gida, ya tsuguna yana kallonsa. Ya san gaskiya tun kafin ya gwada. Mai shi bai kai shi nauyi ba, allon ya yi masa gajarta, ya yi masa siranta. Takalmin gaba dogo ne mai tauri har ƙwauri, lamba arba'in da ɗaya, shi kuwa arba'in da uku yake sawa. Da wani baƙo ne ya miƙo hannu zai ɗauki wannan a ranar farko, da Ikrima ya karɓe ya mayar.

Sai ya tafi wurin wani kafinta a Ikara, ya zana masa a ƙasa da tsinke. Aka feƙe katako mai faɗin tafin hannu biyu, aka jiƙa goshinsa aka tanƙwara sama, aka kafa masa ɗan ƙarfe a ƙarƙashin wutsiya don kada ya riƙa wulwulawa. Takalmi kuwa da tsohon tif na mota aka yi, sako-sako. Kafintan ya tambaya ko ƙyauren akurki ne.

Lokacinsa ƙayyadadde ne. Bayan asuba zai juya Baba, ya ba shi kunu, sannan su tafi, ya dawo kafin hantsi ya dubi ludayi. Kwana uku yana shan ruwa. Ko Lado ya fizga da ƙarfi mariƙin ya kuɓuce, ko ya yi sanyi allon ya nutse. Duk faɗuwar da zai yi ƙafarsa takan zare da kanta, katakon ya taso gefe yana jiransa. A rana ta huɗu ya dunƙule gwiwoyinsa a ƙirji, ya bar igiyar ta yi aikinta, sai ya ji ruwan ya yi tauri a ƙarƙashinsa. Ya miƙe. Iska ta cika masa kunne, gonakin dawa na can hayi suka fara gudu da baya. Tun da ya dawo gida bai yi tafiyar da ba wanda ke jiransa a ƙarshenta ba sai wannan, ko da yake ba ta fi minti ɗaya ba. Lado ya riƙa danna oda har ƙarshen gaɓar.

Da suka kalli hoton da wayar da suka ɗaure a bayan mota ta ɗauka, sai murnarsa ta koma ciki. Wani ƙato ne a kan katako, yana tafiya ɗoɗar kamar an ɗora buhu. Katakon ba ya kwanciya, ba ya yanka ruwa. In ya tura wannan, a ofis za a zagaya da wayar ana dariya.

"Ni dai na ga mutum yana tafiya a kan ruwa," in ji Lado. "Me kuma suke so?"

"So suke su ga ana shan kwana."

Ya ƙara kwana tara a kan katakon, har ya zama yana tashi a jan farko. Saura kwana uku wa'adi ya cika ya ɗauko na Bature. A bakin ruwa ya kwance igiyoyin takalmin gaba ɗaya, ya zuba ruwan sabulu a ciki, ya tura ƙafar hagu da ƙyar har sai da yatsunsa suka lanƙwashe. Ya fizgi dunduniya. Ko motsi. Ya sake fizga da hannu biyu, ta ƙi.

Akwai wuƙa a aljihun motar Lado. Da ya tsaga bayan takalmin kamar tsawon ɗan yatsa, da ya saki. Ya karɓi wuƙar, ya ɗora bakinta a kan robar, ya dubi ɗinkin da aka yi mata mai kyau, da sunan kamfanin da aka rubuta da zaren azurfa. Duk abin da ya fito da shi daga shekara bakwai, wannan ne kaɗai bai tsufa ba. Ya mayar wa Lado wuƙarsa.

"Ja ɗaya ne kawai," ya ce. "In mun samu hoton shi ke nan."

A ja na uku ya tashi. Wannan allon ba ruwansa da katako. Da ya ɗan karkata kafaɗa sai ya ji ya tafi kamar an harba shi. Ya kwanta dama, ruwa ya tashi a gefensa fari fat, ya fi shi tsawo. Ya dawo hagu har ya kusa taɓa gaɓa, ya sake kwantawa dama, wannan karon ya bar allon ya yi nisa, can tsakiyar da katakonsa bai taɓa kai shi ba. A wurin kuwa akwai itatuwan tsohuwar fadama da ruwa ya shanye tun lokacin da aka yi madatsar.

Bai ga komai ba. Ƙara kawai ya ji, mariƙin ya fice daga hannunsa, ruwa ya mare shi a fuska. Ya jira ƙafarsa ta zare kamar kullum. Maimakon haka sai wani zafi ya taso daga idon sawunsa har cikin ƙwaƙwalwa.

Rigar ta ɗago shi, amma ba duka ba. Allon ya cusa kansa tsakanin rassa biyu a ƙasa ya maƙale, ƙafarsa na ciki a murɗe. In ya ɗaga haɓa sama ya kwantar da ƙeya, hancinsa da bakinsa suna waje. In ya saki wuya kaɗan, ruwa ya rufe su.

Ya ja numfashi ya nutsa don ya kai hannu ga takalmin. Rigar ta ƙi, tana mayar da shi sama. Da ƙyar yatsunsa suka taɓa bakin robar, suka zame. Sabulun ya wanke, ƙafar kuma ta fara kumbura. Ya yi tunanin cire rigar, sai ya ga in ya cire ta bai kuma samu zare ƙafar ba, babu abin da zai riƙe masa kai.

"Ikrima! Ikrima!" Lado ne a kan gaɓa, ya shiga ruwa har gwiwa ya tsaya. "Bari in jefo igiya ka ɗaura a ƙugu, in ja da mota!"

"Kada ka ja!" Ruwa ya shiga bakinsa, ya tofar. "Ƙafar za ta cire. Je ka kira Malam Salman."

Malam Salman masunci ne, gidansa na can ɗaya hayin, sai an zagaya ta hanyar da damina ta cinye. Ikrima ya ji an rufe ƙofar mota, ya ji injin yana nisa, har ya daina jinsa.

Shiru ya sauka. Sama kawai yake iya gani, sai wasu balbelu da suka gifta. Igiyar ruwan da shi da kansa ya tayar ta je ta bugi gaɓa ta dawo, tana hawa fuskarsa ɗaya bayan ɗaya, ya riƙa lissafa su yana ɗauke numfashi. Da ruwan ya kwanta sai wuyansa ya fara rawa. Ya karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Ya gwada taka reshe da ƙafar dama don ya rage wa ta hagu nauyi, reshen ya yi santsi, da ya zame sai da ya ga wuta. Daga nan bai sake ba.

Rana ta ɗaga har ta fara dukan idonsa. A nan ne ya tuna da Baba. Yanzu kunun asuba ya sauka a cikin tsoho, yanzu yake fara buga gwangwanin kira da aka ajiye masa da hannun hagu. Rahmatu za ta zo bakin ƙofa ta ce ya ƙara haƙuri, yanzu zai dawo. Baba zai kalli azara, ya riƙe abin da yake riƙewa har iyakar ƙarfinsa, sannan ya saki, ya juyar da fuska bango. Sau nawa Ikrima ya shigo ya tarar da haka ya yi tsaki a ransa? Yanzu ga shi yana ba ƙafarsa umarni tana jinsa ta ƙi, yana sauraron ƙarar motar da ba ta zo ba. Ya yi ƙoƙarin tuna fuskar manajan, ta ƙi zuwa. Abin da ke zuwa kawai shi ne, in wuyan nan ya gaza, gobe wa zai ɗaga Baba?

Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Daga baya Lado ya ce bai kai awa ɗaya ba, shi kuwa bai yarda ba. Ya dai ji ana kiran sunan Allah kusa da kunnensa, sai ga Malam Salman kwance a kan ƙatuwar gorarsa ta su, yana tuƙi da hannu, wuƙa a baki. Dattijo ne siriri mai furfura. Ya zare wuƙar ya ce, "Sannu ɗana. Rungumi gorar nan, kada ka taimake ni, kada ka motsa."

Ya nutse. Ikrima ya ji hannu yana lalube a ƙwaurinsa. Dattijon ya taso ya shaƙi iska.

"Wane irin takalmi ne wannan? Kamar fatar kada."

"Ta baya, Baba. Ka tsaga ta wajen dunduniya."

Sai a nutso na huɗu robar ta buɗe. Ƙafar ta fito, Ikrima ya yi ƙarar da shi kansa bai san muryarsa ba ce. Allon kuwa yana nan inda ya maƙale. Malam Salman ya ce in ruwa ya ja da rani wataƙila a gan shi.

Mai ɗori ya ce karaya biyu ce a idon sawu. Aka ja, aka jera karare aka ɗaure, aka ce kwana arba'in kada ƙafar ta taɓa ƙasa. Da aka kawo shi gida, ɗakin Baba aka shimfiɗa masa tabarma, don masu zuwa dubiya su yi tafiya ɗaya. Rahmatu ta shigo. Ta ajiye masa ruwa, ta gyara matashin da aka ɗora ƙafar, ta fita, ya ji tana fyace hanci a madafa.

Ɗaga tsoho ya koma hannun Lado da safe kafin ya fita lodi, da yamma kuma mijin yayarsa na Kudan ya riƙa zuwa a babur. Ba su iya ba. Ikrima na kwance yana kallo suna jan Baba ta hannun da ya mutu, yana cewa a tallafi ƙugu, a bi a hankali, ba shi da ikon miƙa hannu.

Hoton ya fita, daƙiƙa goma sha tara. Ya sha kwana sau biyu masu kyau, sannan allon ya tsaya cak mutum ya wuce. Ya yanke ƙarshen ya tura ranar da wa'adi ya cika. Manajan ya amsa da cewa ya yi kyau ƙwarai, yaushe zai iso? Ikrima ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge, daga ƙarshe ya faɗi gaskiya, ta ƙafar da ta Baba. Aka yi masa fatan samun sauƙi. Bayan mako guda ya ga hoton wani a shafin wurin, sanye da rigar masu koyarwa.

Wata rana da azahar yana sake kallon hoton, sai ya ji Baba yana gunaguni. Ya ja jiki ya matsa.

"Ruwa za ka sha, Baba?"

Tsoho ya girgiza kai, ya nuna wayar da haɓa. Ikrima ya riƙe masa ita a gaban fuska, wanda ba a yanke ba. Baba ya kalla har inda aka faɗi. Ya ce a sake. Aka sake sau uku. Sannan ya tattaro bakinsa da ƙyar.

"Kai... ne?"

"Ni ne, Baba."

"Can... aikinka... ke nan?"

"A'a. Can ni nake ɗaura wa mutane takalmi."

Baba ya daɗe yana kallonsa da idonsa na hagu mai lafiya. Ya ɗago hannun hagu ya ɗora a kan kararen ɗorin, bai danna ba, ya bar shi a nan har barci ya ɗauke shi. Ikrima bai janye ƙafar ba, duk da ta yi masa tsami.

Da kwana arba'in suka cika an riga an fara saran rake, wasu ne suka sare nasu. Mai ɗori ya kwance karare ya ce ya fara takawa kaɗan-kaɗan yana dafa bango. Wata ma'aikaciyar asibiti da ta zo duba Baba ta ce shi ma a riƙa tsayar da shi, kwanciyar ta isa. Don haka kullum da la'asar Rahmatu takan kore kaji, ta share gindin katangar tsakar gida. Lado ya riƙe Baba ta ƙugu, Ikrima na gaba da sanda. Ranar farko Ikrima ya yi taku bakwai ya zauna a kan turmi yana haki. Baba ya yi biyu, ya tsaya yana jan ƙafar dama, gumi na bin gemunsa, ya ƙi a zaunar da shi.

"Matsa," ya ce wa ɗansa, don turmin na kan hanyarsa.

Ikrima ya ja turmin gefe.